Taswirar Ƙasar Jan Yashi Ta Mutu a Hannun Kawu Nomau

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani abu da ya fi baƙin ciki zafi, ni Lukumanu na Sabon Gari a nan Agadas ina sanar da rasuwar taswirar Ƙasar Jan Yashi. Gawarta ta iso gida ranar Talata, hadari ya haɗu a kan duwatsun Azbin ya ƙi zubowa.

Ga wanda bai san marigayiya ba: fatar akuya ce jemammiya, na samo ta wurin dukawa shekarar da na bar karatun lekol. A kanta na zana ƙasar da babu ita a duniya. Kowace Juma'a bayan la'asar mukan shimfiɗa ta a zauren gidanmu. Ni nake ba da labari, Seydou da Bashar da ƙanwata Ramata kowa yana tafiyar da jaruminsa, 'ya'yan lido kuma, masu ɗige-ɗigen nan da ake jefawa, su yanke wanda zai rayu. Sauran kwanakin mako ni da ita ne kaɗai. Ina ƙara rijiya, ina kafa gari, ina zaɓen kwazazzabon da 'yan fashi za su tare su. Ban rubuta komai a takarda ba, ita ke riƙe min duka.

Mai haƙuri ce. Bashar ya sha ɗora mata kofin shayi, ba ta yi ƙorafi ba, sai na mai da tabon ya zama tafki. In aka warware ta takan ce ƙwarrr, in lido ya faɗa mata ta ce tif tif, a hankali, kamar mai gudun ta da jariri.

Ciwon ajalinta ya zo daga Madawa a cikin kamiyo, babbar motar kaya. Sunansa Kawu Nomau, ƙanen mahaifiyata, wanda ya sauka a gidanmu kan hanyarsa ta zuwa haƙar zinariya. Ya tarar da ni ina ɗiga tawadar jan alƙalamin biki a wuraren da dodon labarin ya binne dukiyarsa. Na faɗa masa wasa ne. Ya yi dariya ya ce ai ɗan Agadas ba ya gaya wa baƙo gaskiyar hanya. Da safe babu Kawu, babu taswira.

Mutum da gemunsa ya ɗauki lebura biyu, ya bi ƙasar da na ƙirƙira ina kwance a kan tabarma. Duk dutsen da ya yi kama da nawa sai ya haƙa. Da bai samu komai ba, sai ya huce a kanta. Ya yanka gabas ya naɗe bidon ruwa. Ya yanka arewa ya yi wa takalminsa maɗauri. Abin da ya rage ya aiko da shi ta hannun direba, tare da saƙon cewa in gyara, akwai kuskure a ciki. Allah ya isa, Kawu.

Allah ya isa kuma ga Bashar, wanda ya rantse ya ɗauke ta hoto a portabul ɗinsa, ashe ya goge don ya samu wurin ajiye bidiyon ƙwallo. Masu cewa ai fata ce, a sayi wata, su riƙe ta'aziyyarsu. Inna ma da take cewa kawunka ne, ka yafe, na ji, amma ban yafe ba.

Taswirar ta rasu ta bar 'ya'yan lido biyar marasa wurin faɗawa, da murafun kwalba uku da suke tsaye a matsayin jarumai. Ta bar Seydou. Shekaru jaruminsa ya yi yana neman ɗan'uwansa da aka sace, ya iso ƙofar birni na ƙarshe. Seydou ya samu aiki a wurin gawayi na Tchirozérine, ranar Asabar zai tafi, wannan Juma'ar ce zamanmu na ƙarshe da shi. Na riga na zana masa birnin lungu lungu, har ɗakin da ɗan'uwan yake. Birnin yana gabas. Na gwada sake zanawa a bayan buhun siminti, hannuna ya ƙi, abin da ya fito ba nan ba ne.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a bayan la'asar, a gindin bango bayan zaure. Seydou zai haƙa ramin. Bashar zai kawo shayi, ya sha nasa a tsaye. Ba a gayyaci Kawu Nomau ba, ko da yake shi ne gwanin haƙa a dangi. Wasa babu.

Abin da aka rasa: garuruwa goma sha ɗaya, rijiyoyi ashirin, kogi guda, da ɗan'uwan jarumin Seydou, wanda yanzu babu mai zuwa ya buɗe masa ƙofa.