Ranar Da Na Kwance Injin Surukina

Ko na tsufa na manta sunayen jikokina, ba zan taɓa mantawa da wata Laraba a Arlit ba. Lokacin uraniyom na kan ganiyarsa, kowa daga Maraɗi zuwa Damagaram garinmu yana tattara kayansa ya nufo arewa. Ni ma na zo, na samu aiki a garejin wani kamfani. Aikina shi ne tsaron magaza, ɗakin ajiyar kayan aiki: makanike ya ce a ba shi kile, wato abin kwance noti, na miƙa masa, ya gama na mayar. Amma da na je neman auren Rabi a Tawa, aka tambayi sana'ata, sai na ce, "Gareji nake." Suka ce, "Ashe makanike ne!" Ni kuwa na sunkuyar da kai kamar mai kunya, ban gyara musu ba.

Da Rabi ta haihu, mahaifinta Alhaji Idi ya zo suna tare da surukuwata a motarsa mai buɗaɗɗen baya, wadda yake ji da ita kamar ɗiyar cikinsa. Don in burge shi, kowace safiya sai na ɗaga murfin inji, na buɗe radiyata, tukunyar ruwan mota ke nan, na leƙa, na gyaɗa kai, na rufe. (Ban san abin da nake leƙawa ba, na dai ga makanikai suna yi.)

Kwana uku bayan suna saƙo ya iso cewa yayansa ba lafiya a Tawa, jikin ya yi tsanani. A lokacin ba a gama shimfiɗa kwalta ba, mai hankali ba ya shiga wannan dajin da mota ɗaya. Akwai ayarin kamiyo, manyan motocin kaya, da zai tashi bayan la'asar, da su za su tafi. Da hantsi ya kira ni.

"Ɗana, tunda na zo garin nan ruwan motar ga yana raguwa. Ba da yawa ba, kamar kofi guda a wuni. Ban ga ɗigo ƙasa ba. Mi kake gani?"

Abin da ya dace in ce shi ne, "Baba, bari in kira wanda ya sani." Amma maƙwabta uku na zaune a tabarma, Rabi na leƙe ta labule. Sai na tuno wata magana da na taɓa ji a gareji, cewa in ruwa na ɓacewa ba ɗigo, inji ne ke shanye shi ta ciki.

Na ce, "Baba, juwan kilas ne ya ƙone."

"Mine ne shi?"

Na yi masa bayani da muryar manya: wani faifai ne mai ramuka, tsakanin kan inji da gangar jikinsa, yana raba ruwa da mai da wuta. In ya ɓule, mota za ta tafasa ta tsaya a tsakiyar daji. Har na ƙara da cewa na ga farin hayaƙi a bututun baya da safe. (Ban gani ba.)

Fuskarsa ta sauya. "Za ta gyaru kahin la'asar?"

"Da yardar Allah," in ji ni.

Na ruga na aro akwatin kayan aiki. Kwancewa ba ta da wuya, jama'a, duk abin da ya juya sai ka ci gaba da juya shi. Na zubar da ruwa, na cire wayoyi, na cire buji huɗu, wato fulogi, na jera notoci a tabarma. Mutane suka fara taruwa. Ana kiran azahar na ɗaga kan injin da ƙyar, faifan ya manne, na sa bakin wuƙa na ɓanɓare shi, ya yage biyu.

A nan ne na farga. Ba ni da sabon faifai. Ban ma tambayi ko akwai shi a garin ba. Na dubi tabarma, ƙarafa sun fi hamsin a idona, ban san wanne ne ya fara fitowa ba. Zufa na shiga idona, kile ya suɓuce ya faɗa cikin inji. Alhaji Idi yana jan carbi yana duban rana. Wani direban kamiyo ya zo ya ce sun gama lodi.

Rabi ce ta aika aka kira Agali, babban makaniken garejinmu, wani dattijo Ba'abzine mai rawani da ba ya yawan magana. Da na hango shi na so ƙasa ta tsage.

Ya gaida surukina, ya dube ni, ya dubi tabarma. Ya ɗauki faifan ya haɗa ɓarin biyu, ya ɗaga su a rana yana bin ramukan da yatsa. Ya zaro ma'aunin mai ya murza a tafin hannu: baƙi wul, ba alamar farin kumfa. Ya jera buji huɗun, duk kala ɗaya. Ya leƙa ramukan injin.

"In ruwa yana shiga, rami ɗaya zai wanku fes," in ji shi da Hausarsa. "Duka huɗu baƙi ne. Mota nan bai da komi."

Surukina ya ce, "To ina ruwan ke zuwa?"

Agali ya bi wani siririn tiyo da ya fito daga wuyan radiyata, ya nuna farin sawu da ya bushe a jikinsa. "Ta nan yake fita, in mota ya yi zafi. Wa ke buɗe wurin nan?"

Maƙwabta uku suka juyo gare ni a tare.

Agali ya miƙo mini murfin radiyata. "Rufe, kamar yadda kake yi."

Na ɗora na murɗa har ya tsaya, na ja da baya. Agali ya sa tafin hannu ya danna, ya ƙara murɗawa. Ƙas! Ashe murfin gaɓa biyu gare shi, ni kullum a ta farko nake tsayawa. Kwana goma ina barin motar surukina a buɗe, tana fitar da ruwanta a hanyar kasuwa.

Ba wanda ya yi dariya, da ma sun yi. Sai surukina ya tambayi Agali a hankali, "Shi ɗan namu, wane aiki yake yi wurinku?"

"Yana miƙa kile," in ji Agali. Sannan ya ƙara, "Bai taɓa ɓatar da ko ɗaya ba."

Faifai kuwa sai daga Agadas, kwana huɗu a ƙalla. Na tsaya ina kallo Alhaji Idi ya naɗe babbar rigarsa ta shadda, mutum biyu suka tura shi bayan kamiyo, ya zauna a kan buhuna cikin rana. Surukuwata aka ba ta wuri kusa da direba. Na durƙusa na ce, "Baba, ku yi haƙuri." Ya ce, "Allah shi kyauta," bai dube ni ba.

Kwana biyu ban iya cin abinci ba, ina tunanin in yayan ya cika kafin su isa, da wane ido zan sake shiga Tawa. Allah Ya rufa mini asiri, sun same shi da rai, har ya warke. Da faifai ya iso, Agali ya ɗaure injin cikin yini ɗaya, ni ina miƙa masa kile, wani direba ya kai motar gida.

Surukina bai taɓa tayar da maganar ba har ya koma ga Allah. Sai dai duk lokacin da na je Tawa, ina yin sallama zai ce a tafi da mota kasuwa. Ni kuma tun ranar na koyi cewa "ban sani ba" kalma uku ce, ana faɗinta a cikin numfashi ɗaya, kuma ba ta barin ko noti guda a kan tabarma.