Nomau da Kanarin da Ta Ƙi Daina Ƙwai

A wani ƙauye da ake kira Rafin Kanya an yi wani mutum mai suna Nomau. Shekarar ta ɓace mini, amma mutumin bai ɓace ba. Nomau ba mugu ba ne, ba kuma rago ba ne. Halinsa ɗaya ne: abin da aka ce ya yi, shi zai yi cif, ko da mai maganar bai nufi har can ba. Su uku ne a gidan. Da shi, da matarsa Tabawa, mace mai kazar-kazar da saurin baki, sai ƙanwar mahaifinsa, Gwaggo Yalwa, wadda ta rene shi tun yana goye. Tsufa ya zaunar da ita, idanunta kuma sun yi rauni.

Gwaggo Yalwa tana da kanari guda a cikin kejin kara, rataye a ɗakinta. Da aka sayo mata an ce namiji ne, zai riƙa rera mata waƙa. Ashe mace ce, ba ta iya komai sai ɗan kuka siriri. Gwaggo ta ce hakan ya fi mata, ita mai sauraro take nema, masu surutu akwai su a gidan. Sa'o'inta duk sun riga mu gidan gaskiya, don haka ta sa wa tsuntsuwar suna Ƙawa, ita take ba labarin mutanen da. Ba ta kai kunu bakinta da safe sai ta ji Ƙawa tana caccakar gero.

Ana nan sai Ƙawa ta fara saka ƙwai, alhali ba namiji a tare da ita. Ƙwai ne na banza, ba ɗa a ciki, amma jikinta suke ci. Ta tattara zare da ɗan audugar da ta samu ta yi sheƙa a cikin ƙoƙon da ke kusurwar keji, ta shiga aiki.

Wata rana Gwaggo ta kira Nomau ta ce, “Ɗan nan, kada Ƙawa ta wahala kan abin da ba zai zama ɗa ba. Ka riƙa lura, duk ƙwan da ta saka ka ɗauke.” Nomau ya ce to. Ya jingine fartanyarsa, ya ɗauko kujera 'yar tsugunno ya zauna gaban keji tun hantsi. Ciyawa tana cin gonarsa, shi yana kallon wutsiyar tsuntsuwa. Da ƙwai ya faɗo, kafin ya huce ya zura yatsa ya ɗauke, ya kai wa Tabawa madafa a tafin hannu.

Tabawa ta duba ta ce, “Wannan fa?”

“Ƙwai ne.”

“Na gani. In soya wa wa? Tururuwa?”

Ita kuwa Ƙawa da ta waiwaya ta ga sheƙa wayam, sai ta sake saka wani washegari. Nomau ya ɗauke. Ta sake, ya ɗauke. Kafin wata ya mutu gashin ƙirjinta ya fara zuba, ta daina hawa sandar keji, sai ta tsuguna a ƙasa tana haki. Gwaggo ta rage shan kunu.

Wata rana, ranar kasuwa, Tabawa ta ce wa Nomau ya je wurin Ɗan'azumi mai keji, wanda ke sayar da tsuntsaye a gindin tsamiya, ya nemo shawara. Ɗan'azumi ya saurara ya ce, “Haske ne ya yi mata yawa. Tsuntsuwa in ta ga yini yana da tsawo sai ta ɗauka lokacin haihuwa ne. Ka sa ta kwana da wuri, ta tashi a makare. Duk inda haske ke shigo mata, ka toshe.” Nomau ya dawo gida. Da Gwaggo ta kwanta, ya kwaɓa ƙasa ya liƙe tagar ɗakin, ya cusa tsumma a ƙasan ƙofa, ya rataya tabarma biyu ta waje, har ɗan ramin da ɓera ya yi a gindin bango bai bari ba. Washegari Tabawa kuwa ta yi sammako zuwa gidan suna a ƙauyen gaba. Ba ta dawo ba sai da rana ta take tsaka. Ta tarar da kunun Gwaggo ya yi sanyi a bakin murhu, Nomau na zaune ya jingina da ƙofa. Ta ture shi, ta yaye tabarmi, ta shiga. Ga Gwaggo zaune a kan gado da carbi a hannu.

Gwaggo ta ce, “Tabawa ce? Ke kuwa me ya tashe ki? Ni tun da nake ban taɓa ganin dare mai tsawon na yau ba. Zakaran nan ma ya rikice, sau nawa yana cara.”

Tabawa ta ce, “Gwaggo, an kusa kiran azahar.”

Gwaggo ta yi salati, ta nemi buta. Nomau ya leƙo ya ce a yi sauri a rufe ƙofa, haske na shigowa.

Wata rana, ina jin mako guda bayan wannan, ko biyu, ya koma gindin tsamiya. Da Ɗan'azumi ya ji abin da ya faru ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ce zane kawai za a riƙa yafa wa kejin da la'asar sakaliya. Ya ƙara da cewa, “Ƙwan nan daga ƙashinta take tatso ɓawonsa, shi ya sa ƙafafunta suka mutu. Ka daka mata ɓawon ƙwai ya yi laushi ka zuba mata.”

Nomau ya ce, “Na wane tsuntsu?”

“Na kaza, na zabo, duk wanda ka samu.”

Wanda ya samu kuwa shi ne ƙwan zabi goma sha biyu da Tabawa ta tara a cikin ƙwarya, za ta sa wa kazarta ta kwanta a kai. Ya fasa su ɗaya bayan ɗaya. Tun da ɓawo aka ce, ba a ambaci na ciki ba, sai ya tsiyaye wa karen maƙwabcinsu Malam Buwai a kasko. Ya daka ɓawon a turmin Tabawa, ya juye shi duka a kejin har ya kai wa Ƙawa gwiwa. Da Tabawa ta ga ƙwaryarta ta ɗora hannu a ka.

“Maigida, ina ƙwan zabina?”

“Ga shi can a keji.”

“Na cikin fa?”

“Ba a ce a ba ta na ciki ba.”

Tabawa ta ce, “Allah ya ba ni miji, ya ba karen Malam Buwai rabo!” Kwana uku tuwon gidan yana ƙaras-ƙaras a haƙori. Amma ba za a ƙi faɗin gaskiya ba, Ƙawa ta ci ɓawon, ƙafafunta suka ɗan yi ƙarfi. Saka ƙwai dai ba ta fasa ba, Nomau ma bai fasa ɗaukewa ba, domin ba wanda ya ce masa ya daina.

Wata rana Ɗan'azumi ya ce a canja mata wuri, wai in ba ta saba da waje ɗaya ba ba za ta natsu ta yi sheƙa ba. Nomau ya saɓi keji, ya kai ta zaure. Da ta fara natsuwa ya mayar da ita gindin rumbu, daga nan bakin rijiya, daga nan kan katanga. Yini guda Gwaggo tana ba bango labarin auren yayarta, ba ta san an fita da mai sauraro ba.

Wata rana kuma aka ce masa, “Ka tabbata ba namiji a kusa. Kada ta gan shi, kada ta ji muryarsa.” Ɗan'azumi namijin kanari yake nufi, amma bai faɗa ba. Nomau ya kama zakara ya kai gidan Malam Buwai ajiya. Ya ja bunsuru ya ɗaure a bayan gari. Yana dawowa ya tsaya a zaure ya yi tunani, sai ya ga shi ma ba shi da hanyar shiga. Ya shimfiɗa buzu a ƙofar gida, in yana son ruwa sai ya buga tasa da tsinke don kada a ji muryarsa. Da yamma Liman ya zo duba Gwaggo, don ya ji an ce ba ta cin abinci. Nomau ya tare ƙofa, ya yi ƙasa da murya.

“Allah gafarta Malam, a yi haƙuri. Maza ba sa shiga.”

Liman ya ce, “Subhanallahi, haihuwa aka yi?”

“Ita muke gudu, Allah gafarta Malam.”

Liman ya tambaye shi abin da yake nufi. Da ya ji bayani ya yi murmushi, ya ɗaga hannu ya yi wa Gwaggo da tsuntsuwarta addu'a daga nan waje. Nomau ya roƙe shi ya yi ta a hankali.

Duk da haka Ƙawa ba ta warke ba. Ta rame har ƙashin ƙirjinta ya fito, idonta a lumshe yawancin yini. Gwaggo ta daina karɓar komai sai ruwa. Ta ce wa Tabawa, “In ta tafi, wa zan gaya wa abin da na tuna? Ku kuna da aikinku.” Tabawa ta fito tana share hawaye da bakin zane, kuma ita in abu ya dame ta faɗa take yi.

Wata rana, a cikin wannan hali, Nomau ya miƙo wa Tabawa wani ƙwan daga bakin zaure, wanda ya aiki 'yar maƙwabta ta ɗauko masa daga keji. Ta harare shi ta ce, “Kai da tsuntsuwar nan duk ɗaya kuke, ba mai jin magana! Tun da kwanci take so, je ka ɗebo mata tsakuwa ta kwanta a kai, mu ga ko za ta ƙyanƙyashe!”

Nomau ya ce, “Guda nawa?”

“Biyar! Tafi ka ba ni wuri!”

Ya tafi rafi da ƙwan a hannu. Ya tsuguna a bakin ruwa yana tsintar tsakuwa yana gwadawa da shi, wadda ta fi girma ya jefar, wadda ke da kaifi ya jefar. Mata masu wanki suka tambaye shi, ya gaya musu gaskiya, suka yi ta dariya har wata ta saki zane ruwa ya tafi da shi. Bai kula ba. Sai da ya samu biyar farare, sumul, daidai da ƙwan, sannan ya tashi. Ya ɗumama su a hammata a kan hanya, don ya lura ƙwai da ɗumi yake fitowa. Ya roƙi Tabawa izinin shiga, ta ce ya shiga ko ta huta. Ya jera su a cikin sheƙa.

Ƙawa ta buɗe ido. Ta ja jiki ta leƙa ƙoƙon, ta juya tsakuwa ɗaya da baki, ta juya ta biyu. Sai ta hau, ta baza 'yan fukafukanta, ta lafe.

Washegari ba ta saka ƙwai ba. Jibi ma haka. Tabawa ta so ta zubar da tsakuwar don kunyar abin da ake faɗa a rafi, Nomau ya hana, ya ce ita ta ce a gani ko za ta ƙyanƙyashe, kuma ba a gani ba tukuna. Ƙawa takan sauko ta ci gero, ta caccaki ɓawo, ta sha ruwa, ta koma. Gwaggo da ta ji ƙarar caccaka ta ce a dama mata kunu, a sa tsamiya da yawa. Bayan mako biyu gashi ya fara tsirowa a ƙirjin Ƙawa. Ranar nan da hantsi ta tashi daga kan tsakuwar, ta girgiza jiki, ta haye sanda, ba ta ƙara waiwayar sheƙar ba.

Labari ya kai gindin tsamiya, Ɗan'azumi ya zo da kansa ya gani. Da ya ji cewa tun farko ɗauke mata ƙwai ake yi, ya tafa hannu. “Ai shi ne ciwon! Me ya hana ka gaya mini?”

Nomau ya ce, “Ba ka tambaya ba.”

Ɗan'azumi ya ce tsuntsuwa so take ta ga sheƙarta ta cika. In ana ragewa, ita kuma tana ƙarawa, har ta ƙare. In ta ga ta cika sai ta kwanta, ta gaji don kanta, jikinta ya huta. Ya juya tsakuwar a tafin hannu ya ce shekara ashirin yana wannan sana'a bai yi tunanin rafi ba. “Wa ya koya maka?”

“Tabawa.”

Tabawa tana bakin murhu. Ta gyara ɗaurin kallabi, ta ce ai a gidansu an daɗe da sanin wannan.

Nomau ne kaɗai ransa bai yi fari ba. Ya karɓi tsakuwarsa, ya kai kowace kunne ya girgiza, ya ce ko ɗaya ba ta ƙyanƙyashe ba, ƙila bai iya zaɓe ba ne. Gwaggo Yalwa ta laluba ta kama hannunsa, ta ce, “Ka iya, ɗan nan. Adana su a gwangwani, in ta sake nema ka mayar mata. Yanzu ku fita duka, akwai labarin da na tsaya da ba Ƙawa a tsakiya.”

Iyakar abin da na riƙe ke nan. In da saura, yana wurin tsuntsuwar.