Kunnen Dokotoro Zakari a Hanyar Bengu

Allah ya yi wa Gaya ni'ima iri-iri. Ga kogi, ga shinkafa, ga giginya, ga gadar da za ka tsallaka Malanbil ta ƙasar Benin ka dawo shayinka bai huce ba. Amma in ka tambayi Zakari mai gyaran moto, wato babur, duk waɗannan ƙananan abubuwa ne. Babbar ni'imar garin tana maƙale a gefen kansa, ɗaya dama ɗaya hagu.

Damina ɗaya ya yi a Kotonu yana koyon aiki, ya dawo da farar riga irin ta asibiti da sunan Dokotoro. Babu wanda ya naɗa shi. Da hannunsa ya rubuta a allon garejinsa da jan fenti, ya ja layi biyu a ƙasa. 'Yan kabu-kabu suka ƙara masa da Kunnen Gari, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu, bai taɓa tambayar abin da ke sa su murmushi in sun faɗa ba.

Sauran masu gyara in an kawo musu moto, durƙusawa suke yi su shafa baƙin mai. Dokotoro ya wuce nan. Zama yake a kujerarsa, ya rufe ido, ya ce mai moto ya zagaya gabansa. Sannan ya miƙe a hankali, ya zaro dogon turnabis na kwance noti daga aljihu, ya ɗora tsininsa a jikin inji, ya manna ƙotar a kunne. Duk wanda ya yi tari a lokacin, sai an kore shi daga rumfa.

"Kowace ƙara da sunanta," haka yake faɗa wa duk wanda ya tsaya, har da mai tallan rake. "Rulma, wato boris, in ya mutu a cikin taya, gurnani yake yi. Ambireyaj, wato kuloci, in ya gaji, kaɗa haƙora yake kamar mai masassara. Sarƙa in ta saki, tafi take yi. Ku hayaniya kuke ji. Ni magana nake ji."

A yi masa adalci, sau da yawa yakan dace. In kuma bai dace ba, ba kunnen ne ya yi kuskure ba, moton ne ya canza magana.

Nasa moton kuwa ja ne, sunansa Madam. Kullum da safe sai ya wanke ta da sabulun wanka, ya goge tankin da hularsa har ya ga fuskarsa a ciki. Ba ta ɗaukar kaya, ba ta ɗaukar fasinja, ba ta wuce gida zuwa gareji. A gabanta ake kafa misali da lafiya.

Ana nan sai auren Yasir ya taso, ɗan ƙanensa Garba, da wata yarinyar Bengu mai suna Nuriya. Dokotoro ne babba a maza, don haka shi zai karɓa wa yaron aure. Aka sa ɗaurin bayan azahar a masallacin Bengu. Da hantsi tawaga ta haɗu ƙofar gareji: Sumana ɗan kabu-kabu, da Alassan abokin ango, da ango kansa cikin farar shadda ya goyo mahaifinsa. Dokotoro ya fito da babbar riga, ya ɗora farar rigar aikin a kai, don kada mutanen Bengu su ɗauka kowa da kowa ne ya zo.

Saura yayarsu Hawwa, mai soya kifi a tasha, mace mai jiki wadda ba ta taɓa jin tsoron ƙanenta ba. A hannunta goro da dabinon ɗaurin aure suke, buhu guda. Ta dubi motocin ɗaya bayan ɗaya, ta haye bayan Madam ba ta nemi izini ba. Madam ta durƙusa kamar raƙumi. Dokotoro ya buɗe baki, ya ga idon yayarsa, ya mayar ya rufe.

"Ni ne a gaba," ya sanar. "Kowa ya bi sawuna. Kunnena na kanku."

Suna barin kwalta suka hau jar hanya, sai ga wata ƙara. Ƙaf, ƙaf, ƙaf, can kuma wani ɗan garas kamar ana tauna tsakuwa. In an ƙara gudu ta ƙaru, in an rage ta ragu. Zuciyar Dokotoro ta yi fari. Ga aure, ga jama'a, ga kuma aiki ya kawo kansa. Ya ɗaga hannu, kowa ya tsaya. Ƙarar ma ta tsaya.

Ya sauko, ya zagaya motocin hannu a baya kamar mai duba fareti, ya tsaya kan na Sumana. Turnabis ya fito.

"Rulman bayanka ya mutu."

"Dokotoro," in ji Sumana, da Hausarsa mai ɗanɗanon Dendi, "ai kai ka sa mini shi sabo, ko wata bai yi ba."

"Shi ya sa na gane muryarsa. Ka zauna inuwar nan har ya huce. In ka matsa, tayar za ta riga ka shiga Bengu."

Sumana ya dubi tayar, ya dubi farar riga, ya tura motonsa gindin tsamiya. Wa zai yi gardama da mutumin da ya ga Kotonu?

Ba su yi nisa ba ta dawo. Ƙaf, ƙaf, ƙaf, yanzu ma da ƙarfinta. Dokotoro ya girgiza kai cikin tausayin al'umma. Marasa lafiya biyu a tafiya ɗaya! Hannu ya sake tashi. Wannan karon Alassan ne.

"Ambireyaj. Tun daga Gaya nake zarginsa, na yi shiru ne don kada in kunyata ka."

Alassan ya sosa ƙeya. "Baba, ni kuwa kamar daga gaba nake jiyo ta."

A gaba dai moto ɗaya ne. Dokotoro bai yi fushi ba, manyan masana ba sa fushi da jahilci. Ya taka zuwa ga Madam, ya tada ta a tsaye, ya murɗa mata wuta har tsuntsaye suka watse daga gonar shinkafa. Injin ya yi kuka mai daɗi, sumul, babu ko ɗigon ƙaf.

"Ka ji? Wannan ita ce lafiya. Abin da ya ruɗe ka iska ce. Iska takan ɗauki ƙara daga baya ta kai gaba, ta juyo da ita. Sai wanda ya yi karatu yake rarrabewa."

Bai zo masa a rai ba cewa moton da ke tsaye sarƙarsa ba ta juyawa. Da wani ne ya yi wannan gwajin a garejinsa, da ya sha wa'azi har magariba. Aka bar Alassan a bakin wata fadama yana kallon motonsa kamar wanda aka ce masa ɗansa ɓarawo ne.

Saura moto biyu. Rana ta take, zufa ta jiƙa rigar ciki ta fara neman ta waje. Ƙaf, ƙaf, garas. Dokotoro ya waiwaya ya dubi ɗan ƙanensa, ransa ya ɓaci da gaske, don yana son yaron. Amma gaskiya ba ta san ango ba.

"Yasir, sauka. Cikin bwat ne, inda giyoyi suke. Haƙoransu na cin juna."

"Baba, azahar ta kusa."

"Yaya," Garba ya sa baki, "mu lallaɓa mana, ai mun ci rabin hanya."

"Garba, kai manomi ne. In na zo gonarka na ce ga yadda ake dashen shinkafa, ka kore ni. Ba zan kai wa mutane ango a kan gawa ba. Ku jira nan. In na sauke Yaya Hawwa, ni da kaina zan dawo in kwashe ku."

Haka aka bar ango da farar shaddarsa a gindin giginya, yana kallon goron aurensa na tafiya.

Yanzu hanya ta zama tasa shi kaɗai. Babu moto a gaba, babu a baya. Dokotoro ya gyara zama, ya buɗe kunnuwa don ya sha shirun da ya yi wa aiki.

Ƙaf, ƙaf, ƙaf.

Ya duba madubin dama. Jar hanya. Ya duba na hagu. Jar hanya da akuya. Ya hango injin ban ruwa can cikin fadama, ya ji sanyi a ransa ya samu mai ƙarar, har suka wuce shi ya ga ko tada shi ba a yi ba.

"Yaya, awarwaronki ne ke bugun buhu?"

"Ban sa awarwaro ba."

"To dabinon ne ke motsi."

"Zakari," in ji Hawwa, daidai cikin shahararren kunnen, "duk ka sauke mutane. Ni da kai muka rage, ni kuwa ba ni da rulma."

Mutum ƙarami a nan zai tsaya ya duba. Dokotoro ya yanke shawarar ya tsere wa ƙarar. Ya murɗa wuta. Ƙaf ɗin ta zama ƙafƙafƙaf, garas ya zama gararas, sai wani ƙwaram! Injin ya yi ihu kamar zai tashi sama, Madam kuwa ta ci gaba da rage gudu cikin natsuwa, har ta tsaya tsakiyar hanya.

Ya durƙusa, abin da ya daɗe bai yi a gaban moto ba. Ya kwance murfin da ke rufe sarƙa, murfin da yake gogewa kullum har yana ƙyalli amma bai tuna ranar da ya buɗe shi ba. Sarƙar ta tsinke, ta bushe ƙamas, ta yi ja da tsatsa. Haƙoran da take hawa sun lanƙwashe sun cinye kamar bakin tsoho. Shekara da shekaru tana lallaɓa mutum ɗaya zuwa gareji. Yau aka ɗora mata Hawwa da buhu, ta faɗi abin da ke ranta.

Hawwa ta leƙo. "Wannan fa, me sunanta a Kotonu?"

Wayarsa ta hau ruri a aljihu, sunan Garba a jiki. Ya ce babu rezo, waya ba ta kamawa a wurin. Sai ta Hawwa ta ɗauki ruri, ta amsa, ta buɗe murya yadda har akuyar za ta ji. Ashe da suka gaji da jira, Sumana ya tada motonsa ya tarar da Alassan, su biyu suka tarar da ango, suka yanke ta hanyar gonaki. Tuni suna Bengu. An yi azahar, liman na zaune, dangin amarya sun cika tabarmi, wasu dattawan har sun fara tambaya ko mutanen Gaya sun fasa ne. Babu wakili, babu goro.

Wani mai amalanken shanu da ya ɗauko rake ne ya tausaya musu. Aka ɗora Madam a kan raken, Hawwa ta zauna gaba tana hira da mai shanu, Dokotoro ya zauna baya ya rungume tanki. Ƙafar amalanken tana ta kuka ƙiii, ƙiii, tun daga nan har Bengu. Karo na farko a rayuwarsa ya ji ƙara bai gaya wa kowa sunanta ba.

Sun shiga gari ana sallame la'asar. Ga motoci uku jere a ƙofar masallaci, lafiya lau, kamar masu jiran a ba su haƙuri. Jama'a suka juyo gaba ɗaya. Yasir ya hango buhun goro ya sauke ajiyar zuciya. Aka sauke Madam.

A nan ne ake gane babban mutum. Dokotoro ya kakkaɓe ɓawon rake daga farar riga, ya kama ƙahon Madam, ya tura ta a hankali ta gaban tabarmi, daga wannan gefe zuwa wancan. Tayoyi na juyawa, ko ɗan ƙaf babu.

"Jama'a, ku saurara. Kun ji wani abu?"

Dattawan Bengu, mutane masu kunya, suka ce ba su ji ba.

"To alhamdu lillahi. Ƙara ce mai wuyar sha'ani, irinta ko a Kotonu ba kowa ke kama ta ba. Sai da na keɓe ta, na raba ta da sauran motoci ɗaya bayan ɗaya, na bi ta har gidanta. Yanzu ta mutu. Liman, bismilla."

Aka raba goro, aka ɗaura auren Yasir da Nuriya, aka shafa fatiha. Dokotoro ya karɓi aure da murya mai ƙarfi, har da gyaran zama. Ana cikin gaisawa sai ga Hawwa ta fito daga gidan amarya za ta wuce. Ta tsaya nesa kaɗan da tabarmar maza, ta kwance bakin mayafinta, ta saki tsinkakkiyar sarƙa a ƙasa. Ƙwaram.

"Dokotoro," ta ce, "ga gawar nan ka bari a amalanke. Ka yi mata sutura kafin mu nemi wanda zai goya ka gida."