Yadda Za Ka Kai Wa Surukinka Baya Ya Tausa Bai Gane Kokawa Ka Yi Ba

Saɓa alkawari mugun abu ne, lulluɓe shi da ƙarya ya fi muni. Amma sarkin wawaye shi ne wanda zai ɗauki ƙaryar ya shimfiɗa ta bisa tabarma gaban mai tausa. Baki ya iya rantsuwa, ƙashin baya bai iya ba. To, tunda ku samarin yanzu ba ku jin magana, ga hanya. Kai mai ciwon kwankwaso, na ɗaukar maka alkawari: ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, za ka shiga zauren mai tausa a tanƙware ka fito a miƙe. An gwada. Mati ne ya gwada, shekarar da ake ginin madatsar Rusairis, har yau bayansa kamar sanda.

Bari ka san Mati. Ɗan kokawa ne, wuya kamar turmi. Da ya nemi auren Raliya, autar Malam Abdussalami mai tausa, tsohon ya kafa masa sharaɗi guda: kokawa halas, wato ta ƙare ke nan. "Na gaji da gyaran ƙasusuwan 'yan kokawa," in ji shi, "ba zan kawo aikin cikin gidana ba." Mati ya dafa ƙirji ya rantse.

Tsohon ba shi da ɗa namiji, amma yana da hawasha, gonar auduga faddan goma, kusan eka goma ke nan, a bakin ruwa. Ya ce in an gama tsinka zai je wurin mufattishi, jami'in gonaki, a juya ta ga sunan ɗaya daga surukansa biyu. Kowa ya san Mati ne. Ɗayan, Audi, ko akuya ya kama sai ta ja shi.

Sai ran kasuwar Suki. Mati ya je sayen igiya, ya ji ganga. Leburorin madatsa sun sauko sun buɗe fage, da wani ƙato cikinsu wai shi Garba. Mati ya ce kallo kawai zai yi. A bayan lori anka maido shi gida, kwance bisa buhunan dawa. Bai taɓa kwanciya tausa ba tun da anka haife shi, kuma daga ƙauyenmu har Sinnar mai tausa ɗaya ne.

Mataki na ɗaya: Ka ɗora laifin kan wanda ba ya magana

Kada ka ce buhu ka ɗaga, za a ce buhun wa. Kada ka ce daga itace ka faɗo, za a ce me magidanci yake nema bisa itace. Ka ce jaki ne ya harbe ka. Tun da anka halicci jaki ba a taɓa kiransa shaida gaban alƙali ba.

Matarka ce za ta fara kawo maka cikas.

"Jakinmu?" in ji Raliya. "Wanda ƙuda ke yini a idonsa bai kaɗa kunne ba?"

"Ai irin masu shirun nan su ake tsoro."

"Maigida, yashin da na kakkaɓe daga wandonka ba na hanyar gona ba ne."

"Ke dai in an tambaye ki, jaki."

"Ni ba zan ce uffan ba. Baba ba da baki yake tambaya ba."

Kada ka tsaya nazarin wannan magana. Mati bai tsaya ba.

Mataki na biyu: Ka ɓata wa jakin suna

Ƙarya marainiya ce, sai ka samo mata dangi. Mati ya sa anka ɗaure jakin da igiya biyu a ƙofar gida, ya dogara sanda ya tsaya yana gargaɗin masu wucewa: "Ku janye yara! Kada ku ga ya sunkuyar da kai, dabara ce!"

Kafin la'asar an sami mutum uku da sunka rantse ya taɓa bin su da gudu. Wata tsohuwa ta ce ita tun bara ta ga ja a idonsa, ta dai yi shiru ne don kada a ce ta cika magana. Mutane ba su son a bar su baya a labari. Jakin kuwa yana tsaye yana tuƙar kara, ƙudan nan na nan a idonsa.

Mataki na uku: Ka share fage

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, saboda haka ka duba jikinka tun kafin a duba maka. Ka kwance kambun kokawa daga damtse. Zai bar farin zobe, ka shanya hannun a rana kwana uku kamar kuɓewa, in bai yi ba ka bi shi da gawayi.

Saura shatin da ke ƙugunka, inda Garba ya damƙe ka. Wannan sabulu ba ya fidda shi. In an tambaya, kofato ne. Ka faɗa da ƙarfin zuciya, kada ka ƙirga.

Mataki na huɗu: Kada ka binciki mai tausa

Za ka lura kunnensa na hagu a murɗe yake. Za ka lura yana tafiya ƙafafu a ware, kamar mai jiran a kawo masa hari. Ba ruwanka. Kada ka tambayi tsofaffi sana'ar da ya yi da ƙuruciya. Garin tone-tone kaza ta tono wuƙar yanka ta.

Mataki na biyar: Ka tanadi kunya, ka koyi shiru

Mutumin da ba ka cin abinci gabansa, ba ka kallon idonsa, in kun haɗu a hanya ka faɗa gonar dawa, yau shi za ka tuɓe wa. Mati ya sa riguna uku, wai ko tsohon zai gaji ya tausa ta bisa tufa.

Kuma namiji ba ya nishi gaban suruki. Ka gwada tun a gida. Mati ya kife bisa angarib, gadon igiyar nan namu, ya ciji igiya, ya ce Raliya ta murza masa taɓarya a baya. Ta murza, ta murza da zuciya ɗaya, har sai da ya ce, "Ke, gwaji ne fa!" Ta ce, "Ai ni ma jakin nake rama wa."

Abu na ƙarshe: ranar, kada ka ci wake. Ba zan yi bayani ba.

Mataki na shida: Kome anka ce, ka ce "Haka ne, Baba"

Da hantsi Mati ya iso, a duƙe kamar mai neman allura, da kan sukari da ganyen shayi a hannu. Muna zaune a zauren mu huɗu muna shan shayi, Audi yana zuba mana.

"Sannu, mijin auta," in ji Malam Abdussalami. "An ce jaki."

"Jaki, Baba."

"Allah ya shirye shi. Tuɓe."

Riga ta fita, ga wata. Ta fita, ga wata. Tsohon ya dube mu: "Mutum anka kawo mini ko albasa?"

Mati ya kife bisa tabarma ya cusa fuska a hannu. Tsohon ya ɗumama man riɗi ya shafa, ya fara bin ƙashin baya gaɓa-gaɓa da babban yatsa kamar mai jan carbi. Mati bai yi nishi ba, a ba shi wannan. Yatsun ƙafarsa ne kawai sunka riƙa tonon tabarma.

"Jakin nan dogo ne," in ji tsohon.

"Haka ne, Baba."

"Ya kuma ɗaga ka sama kafin ya ajiye ka."

"Haka ne, Baba."

"Bahago ne. Ga yatsu huɗu a baya, ga babban a gaba. Shekarata saba'in ban taɓa ganin kofato mai farce ba."

Muryar Mati ta fito daga cikin tabarma: "Jakunan zamani ne, Baba."

Shayi ya fito wa Audi ta hanci. Tsohon ko murmushi bai yi ba. "Ni ba na kama mutum da zato," in ji shi. "Tashi. Sauran gyaran a tsaye ake yi."

Mati ya tashi zuciya fes. Yana ganin hawasha ta tsira.

Mataki na bakwai: Ka riƙe ƙafarka

Wannan matakin ban san wanda ya taɓa iya shi ba, na dai rubuta don a ce na rubuta.

Tsohon ya tsaya gaban Mati, ya ware ƙafafu, ya kwantar da kai bisa kafaɗarsa, ya sa hannun hagu daidai shatin nan ya damƙe. Sai wani marar kirki a cikinmu ya fara kaɗa tiren shayi da yatsu, kiɗan fage sak. Ban ga ko wane ne ba.

Hali zanen dutse. Kafaɗun Mati sunka sauka. Bakinsa na cewa, "Baba, a yi haƙuri, Baba, a gafarce ni," ƙafarsa ta dama ta riga ta zagaya ta sarƙe ta tsohon. Taɗiya mai kyau, wallahi, irin wadda ake yi wa guɗa.

Abin da ya biyo baya ƙiftawar ido ne. Tsohon ya ɗan rusuna, ya juya ƙugu. Mati ya ga rufin zaure, ya ga ƙafafunsa biyu a jikin rufin, sannan tim! Bayan ya ce ƙas, har kajin tsakar gida sunka watse.

Ya yi zumbur ya miƙe tsaye, sambal. Ya taɓa baya, ya karkata dama, ya karkata hagu, ya daka tsalle. "Na warke! Baba, na warke!"

"Ka warke," in ji Malam Abdussalami yana gyara rawani. "Taɗiyar nan fa, jakin ne ya koya maka?"

Mati ya nemi rigunansa da ido.

"Shekara bakwai bayana bai taɓa ƙasa ba a fagen Sinnar, tun ba a haife ka ba. Na san yadda ganga take ja. Da ka zo ka ce, 'Baba, ganga ta ja ni,' da na zage ka na gyara ka, magana ta mutu a zauren nan. Amma ka ɗaure bawan Allah da igiya biyu, gari duk yana jifarsa. Wanda ya yi wa jakinsa ƙazafi, ran da ruwa ya ɓalle a gona wa zai ce ya yi? Audi, gobe ka sa farar riga, za mu wurin mufattishi."

Ba ruwana

Wanda ya bi matakan nan abin da ya same shi shi ya saya. Ban aike ka Suki ba, ban kaɗa maka ganga ba, maganar tire kuwa ba shaida. Kada a aiko mini da mata tana kuka ko tana dariya. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Ga dai abin da Mati ya rasa, a ƙirge: hawasha faddan goma, ta tafi ga Audi. Jaki, tsohon ya karɓe shi, ya ce ya zo ya huta da sharri. Kambu, Raliya ta jefa a ruwa. Suna, don daga nan har Suki Mati Mai Jaki Bahago ake kiransa.

Amma ni baya na ce zai miƙe, ya kuwa miƙe. Da shi yake duƙawa yanzu yana tsinkar audugar Audi.