Walimar Littafin Malam

Ranar da maigidana, malamin firamare, ya ɗauki littafin lissafin da ya rubuta wa 'yan aji uku zai kai kamfanin buga littattafan makaranta, sai da ya ja mini kunne: "Kada kowa ya ji, sai sun karɓa."

Na ce to. Amma ni a sanina, yaro in ya sauke Alƙur'ani walima ake yi masa. To mutum ya rubuta littafi sukutum, me kuma ake jira?

Yana fita na aika gida-gida a layinmu na Unguwar Kanawa. Na soya waina, na dama kunun gyaɗa, har kujeru na aro. Na tsaya tsakar gida ina yi wa mata bayani cewa kwanan nan 'ya'yansu za su ga sunan Malam a bangon littafi.

Bayan la'asar ya yi sallama, rubutunsa a hammata. Hajiya Ladi maƙwabciyata ta rangaɗa guɗa. Ya dubi kujerun, ya dube ni.

"Malam, yaushe zai fito?" in ji Hajiya Ladi.

Ya ce a hankali, "Hajiya, sun ce an sauya manhaja. Sai na sake rubuta rabinsa, sannan masu tantancewa su duba."

Amma babu wadda ta tashi sai da wainar ta ƙare.

Har yau in na shiga gidan biki, Hajiya Ladi ce ke fara matsawa: "Ku ba Uwar Littafi wuri. Yaya jaririn namu, ya fara rarrafe kuwa?"