Hamajoɗa da Manhajar Gaisuwa

"Ni ne zan ceci Yola daga gaisuwa," in ji Hamajoɗa, yana dukan teburin mai shayi a bakin kasuwar Jimeta. "Mutane suna can suna ƙera jirage, mu muna nan a tsugune muna tambayar lafiyar awaki. Manhaja zan fitar. Ka danna waya sau ɗaya, ta gaishe maka da dangi kaf."

Mai karatu, bari in nuna maka mutumin. Dogo ne, mai ƙaramin kai da babbar hula. Sana'arsa manna gilashi a fuskar waya, amma tun ranar da ya zare wa wata tsohuwa katin waya da allura ya raɗa wa kansa Injiniya. Abokansa kuwa Injiniyan Salatif suke ce masa, in ya ba da baya.

Gaskiya yana da uzuri, ɗan kaɗan. Tun lokacin tashin hankalin nan da aka hana hawa babur, zuwa cikin Yola daga Jimeta sai a keke mai ƙafa uku, da jira da matsi. Sannan dangin da suka gudo daga Mubi a wancan lokacin da yawansu ba su koma ba, sai dattawan da ake gaisarwa suka ninka. A gidansu kuwa gaisuwa ba sallama ba ce a tsaye. Ka cire takalmi tun daga ƙofa, ka tsuguna, ka tambayi kwana da gajiya da iyali da zafi da shanu, in kun ƙare ku sake ɗaukowa daga farko.

A cikin dattawan nan akwai wanda bai kamata ya yi wasa da shi ba: Bappa Nu'uman, ƙanin mahaifinsa, uban Yusrah, malamar firamaren da Hamajoɗa yake nema da aure. Bappa ya ce zai sa rana bayan Sallah, in ya ga natsuwa. Kuma Bappa da ƙafa yake auna natsuwa: wa ya zo, wa bai zo ba.

Da farko Injiniya ya ce da kansa zai rubuta manhajar. Ya sayi tabarau marar magani, ya buɗe bidiyon koyarwa. Malamin ya ce a buɗe wani baƙin allo a yi rubutu. Hamajoɗa ya dubi allon, allon ya dube shi. Da la'asar ya sanar da majalisar mai shayi cewa manyan masu kamfani ba sa rubutu da hannunsu, tunani kawai suke bayarwa.

Sai ya nufi Shagari Low Cost wurin Fredrick, wani mutumin Numan da haɗa manhaja ce sana'arsa, mutum mai yawan hamma da ƙarancin musu.

"Oga, me kake so ya yi?" in ji Fredrick.

"Kullum da safe ta tura wa dattawana saƙon murya, da muryata. In sun amsa, ta tura na gaba."

"Ba zai gane abin da suka ce ba fa. Zai san an amsa ne kawai."

"Wa yake sauraron gaisuwa? Kowa 'lafiya' yake cewa, ko yana kan gadon asibiti."

"To yaushe zai tsaya?"

Hamajoɗa ya dube shi da tausayi. "Ka ga illar rashin sanin al'ada. A wurinmu ƙarami ba ya yanke gaisuwa da babba. Ba za ta tsaya ba sai babba ya yi shiru."

"In bai yi shiru ba fa?"

"Kai dai rubuta. Kuma amsoshinsu kada su dame ni. Ta ɓoye su, ta nuna musu na saurara."

Fredrick ya yi hamma, ya ce a gwada a kan mutum ɗaya tukuna. Hamajoɗa ya ce gwaji na masu shakka ne. Ya zauna a shagon ya ɗauki muryarsa: *A waali jam*, an kwana lafiya, ya gajiya, ya iyali, ya jin daɗi, lafiya lau, madalla, babu komai wallahi, Allah ya sa alheri, *useko*, na gode. Yana cikin ɗaukar "ya iyali" wani mai keke ya danna hon a waje, irin mai kukan agwagwa. Fredrick ya ce a sake. Injiniya ya ce ba shi da lokaci.

Gogo Basma, yayar mahaifinsa da ke unguwar Gwadabawa, ita ta fara shiga hannu. Gogo ba ta taɓa barin gaisuwa ta faɗi ƙasa ba a rayuwarta, ko ta ɗan maƙwabta ce. Saƙo ya shigo, ta amsa. Wani ya shigo, ta amsa. Manhaja ba ta yanke wa babba, Gogo ba ta barin yaro ba amsa. Rana ta ɗaga, wake ya ƙone a tukunya, awaki suka shiga rumfa suka cinye zogalen da ta shanya, tana zaune a tabarma tana cewa "Jam, jam, lafiya lau." Batirin wayarta ne ya raba su bayan azahar.

Da yamma ta aika aka kira shi.

"Hamajoɗa, kanka lafiya? Ka tambaye ni iyali har na rasa wanda zan ce maka yana lafiya. Na fara lissafa matattu."

"Gogo, ci gaba ne. Ke ce kika ƙi yin shiru."

"Ni zan yi maka shiru kana gaishe ni? Uwata ba ta koya mini haka ba."

Ya fito yana murmushi. Ya gaya wa majalisa cewa mai amfani na farko ta shafe rabin yini a kan manhajarsa, abin da manyan kamfanonin duniya suke nema ido rufe.

Ba a jima ba aka yi rasuwa a gidan wani kawunsa, cikin waɗanda suka zo daga Mubi. An tura wa Hamajoɗa saƙon rasuwar, manhaja ta haɗiye. Washegari ana zaman makoki, shiru kamar masallaci, wayar mai gidan ta yi ƙara, ya danna. Muryar Hamajoɗa ta fito tana walwala: "Ya jin daɗi?" Kawu ya tura masa cewa an yi rashi. Amsa ta dawo nan take: "Madalla, madalla."

Wannan karon ya ɗan girgiza, amma bai kashe manhajar ba. Ya ce ƙaramar matsala ce, za a gyara a fitowa ta biyu. Ƙafarsa kuma ba ta taka gidan Bappa ba tun farkon damina. Me zai je yi? Kullum da safe yana gaishe shi, yana barci ma.

Yusrah ce ta kama shi, don har ita ya saka a cikin manhajar. Mace ce da ta saba gane ɗalibin da ya kwafi aikin wani. Ta lura duk safiya, in Hamajoɗa ya ce "ya iyali," sai agwagwa ta yi kuka a bayansa. Keke ɗaya, hon ɗaya, wuri ɗaya, tun damina. Ta saurari wayar mahaifinta, ta ji agwagwar. Ta saurari ta Gogo, agwagwar dai. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce wa mahaifinta akwai Usaid, ma'aikacin jinya, wanda ya daɗe yana zuwa da ƙafarsa, kuma tana so a saurare shi.

Labarin sa rana ya iske Hamajoɗa a wurin mai shayi. Ya bar shayin, ya tari keke har cikin Yola. Ya cire takalmi tun daga bakin titi, ya shiga zauren Bappa ya tsuguna. Gwiwoyinsa suka yi ƙara, sun manta aikin. Bappa Nu'uman yana zaune da dattawa biyu, yana jan carbi.

"Bappa, na ji wata magana. An ce an ba da Yusrah."

"An ba da ita. Da yardarka."

"Yardata?"

"Ni ba na yi wa ɗan ɗan'uwana haka ba tare da na tambaye shi ba. A gaban waɗannan na tambaye ka."

Ya ɗauko waya ya danna. Muryar Bappa ta fito a hankali: "Hamajoɗa, Usaid ya zo neman Yusrah. Kana da magana?" Sai muryar Injiniya, garau: "Babu komai wallahi." Bappa ya sake: "Ka ji ni da kyau? Zan ba shi." Amsa: "Allah ya sa alheri." Bappa ya ce: "To shi ke nan." Amsa: "*Useko*, na gode."

"Bappa, ba ni ba ne. Manhaja ce. Na'ura ce kawai, ba ta san abin da take faɗa ba."

Bappa ya ajiye carbin. "To. Wanda yake gaishe ni kullum tun damina, kai ne ko ita?"

Hamajoɗa ya buɗe baki. In ya ce shi ne, ya ba da matarsa da bakinsa. In ya ce ita ce, ya yi watanni bai gaida ƙanin ubansa ba. Ya rufe bakin. Ɗaya daga cikin dattawan ya duƙar da kai yana gyara hular da ba ta karkace ba.

Ana cikin haka wayar Bappa ta yi ƙara, don manhaja ba ta san mai ita yana tsugune a wurin ba. "Ya iyali?" Agwagwa ta yi kuka.

Bappa ya kai wayar bakinsa, fuskarsa ta saki. "Jam, ɗana, lafiya lau. Kai kam Allah ya yi maka albarka, ba ka taɓa fashi ba." Sannan ya dubi na tsugunen. "Ɗaurin aure bayan Sallah ne, a masallacin unguwa. Ba sai ka wahala ka zo ba, Injiniya. Ka ba wani wayar ya kawo ta, ita muka saba da ita."