Daren Da Na Goya Surukina

Ba zan taɓa mantawa da daren da na goya surukina a kan babur ɗin ƙanƙara ba, kuma ko na yi niyyar mantawa, matata ba za ta bari ba.

Abin ya faru ne a shekarun saba'in, lokacin Gumel tana cikin jihar Kano. Ni ƙaramin malamin dabbobi ne a lokacin, saurayi, da ɗan gashin baki da nake ji da shi. Aikina shi ne in ɗaure akwatin allura a bayan babur ɗin ofis, in bi rugage daga Gagarawa har Sule Tankarkar ina yi wa shanu rigakafi. Duk wanda ya san yashin yankin nan ya san ba kowa ke iya tuƙi a cikinsa ba. Ni na iya, kuma ban taɓa barin wani ya zauna kusa da ni bai ji labarin na iya ba.

Ana nan sai gwamnati ta zaɓi wasunmu zuwa kwas na kiwon dabbobi a ƙasar Suwidin. Daga yankinmu mu uku ne. Akwai ni, akwai abokina Isiyaku (wanda in bai tsokani wani ba abinci ba ya yi masa daɗi), sai Alhaji Mamuda, babban malamin dabbobi mai kula da kasuwar Maigatari. To, Alhaji Mamuda shi ne mahaifin Saude, yarinyar da nake nema. An riga an yi mana baiko, sa rana kawai ya rage. Da iyayena suka je maganar, sai ya ce a bari sai an dawo daga tafiya. Tun da na ji haka barci ya ƙaurace mini, domin na san abu ɗaya yake nufi: zai sa mini ido a tafiyar nan, in na yi abin da bai gamshe shi ba, shi ke nan na rasa Saude.

Yaran yanzu da ke hira da surukansu a waya har da dariya ba za su gane halin da na shiga ba. Mu a lokacinmu ba ka cin abinci a gaban suruki, ba ka zama tabarma ɗaya da shi, ba ka kallon fuskarsa. In ka hango shi tafe, ko dai ka sake hanya ko ka tuɓe takalmi ka tsuguna. Shi ma yana jin kunyarka. Saude kuwa 'yar farinsa ce, ko sunanta ba ya faɗa, balle nawa. In dole ta kama, sai ya ce "wannan yaron."

A jirgi ban ci komai ba, saboda kujerarsa tana daura da tawa. A masauki kuwa, duk safiya in na gamu da shi a baranda sai in zube in gaishe shi. Ranar farko wata Baturiya ta ɗauka wani abu na yar, ta durƙusa kusa da ni tana taya ni nema.

Da kwas ya zo ƙarshe, masu masaukinmu suka kai mu can ƙuryar arewa, mu ga mutanen da ke kiwon wata irin barewa mai rassan ƙaho kamar yadda muke kiwon shanu. Lokacin hunturunsu ne, dusar ƙanƙara ta rufe ko'ina. Rana ba ta fitowa sam, sai ɗan haske kamar na asuba, shi ma nan da nan ya ɓace. Sanyi kuwa ba a magana, gashin hancin mutum ma daskarewa yake yi. Suka ce don su karrama mu za a fita da mu yawon dare a cikin daji, zuwa wata bukkar katako, mu sha shayi mu kalli wani haske da ke fitowa a sama. Wai karramawa ke nan.

Abin hawan kamar babur yake, amma ba shi da taya. Gabansa wasu dogayen ƙarafa biyu ne masu sulɓi, bayansa kuma bel ne irin na katafila. Mutum biyu yake ɗauka. Jagoranmu wani zabgegen Bature ne, Isiyaku ya sa masa suna Dogo. Bayan an naɗe mu cikin riguna masu kauri da huluna masu gashi, Dogo ya tara mu ya yi bayani. Za mu tafi a jere, shi a gaba. Na baya ya rungume ƙugun mai tuƙi sosai. Mai tuƙi ya riƙa waiwayen wanda ya goya. Kada kowa ya cire safar hannu, domin a wannan sanyi yatsu ba sa daɗewa suke mutuwa. Sannan ya tambaya, wa ya saba da babur?

Kafin in buɗe baki Isiyaku ya nuna ni. "Ga gwani nan. Duk ƙasar Gumel ba kamarsa, shi da kansa ya gaya mana. A ba shi babbanmu, shi ne zai fi kula da shi."

Na harare shi, ya yi kamar bai gani ba. Dogo ya ji daɗi, ya kamo hannun Alhaji ya kawo shi wajen babur ɗina. Alhaji ya biyo shi, don in zai ƙi sai ya yi wa Bature bayanin surukuta a gaban jama'a. Ni kuma na tsaya ina kallon kujerar. Mutumin da ban taɓa haɗa tabarma da shi ba, yau shi zai rungume ni?

Na hau, na matsa gaba har na kusa hawa kan tankin mai. Alhaji ya zauna can ƙarshen kujera, ya sa hannu ɗaya ya kama wata 'yar igiyar fata da ke bayan mazaunin. Tsakaninmu da za a sa buhun gero da ya zauna daram. Na bari kowa ya wuce, muka zama na ƙarshe, don kada wani ya biyo mu a baya yana kallon wannan abin kunya.

Da farko komai lafiya. Fitila tana haska farar hanya, itatuwa dogaye suna wucewa dama da hagu, injin yana ƙara kamar na niƙa. Hankalina duk yana bayana. Kada rigata ta taɓa shi, kada in taka birki ya faɗo kaina, kada in yi gudu ya ce ba ni da natsuwa, kada in yi sanyi ya ce rago ne. A wannan sanyin, gumi nake yi.

Saboda wannan taka-tsantsan sai aka ba mu rata, fitilar na gabana ta fara nisa. Tsoro ya kama ni kada mu ɓace a dajin mutane. Muka zo wani ɗan tudu, babur ya fara tangaɗi, sai na yi abin da na saba yi a yashin Gagarawa: na ƙara wuta. Muka yi sama, muka diro, na ji babur ya miƙe sumul, har ma ya fi ɗazu sauƙin sarrafawa. Na ce a raina, to, yau dai Alhaji ya ga tuƙi.

Na tuna Dogo ya ce a riƙa waiwaye. Amma in waiwaya in yi ido huɗu da surukina, fuska da fuska, a wannan kusancin? Wuyana ya ƙi juyawa. Can dai na yi ta maza, na ɗan rage wuta, na sunkuyar da kai na ce, "Baba, sannu da sanyi."

Shiru.

Ban damu ba. Dama a Maigatari ma in na gaishe shi, "uhm" ɗin da yake yi sai mai kunne ke ji. Na ma ƙara ganin girmansa. Na ce ka ga dattako, an yi wannan tsalle da shi amma ko tari bai yi ba. Na ƙara gaishe shi a gaba (har da tambayar ko in rage gudu), na kuma ɗauki shirun a matsayin amincewa.

Muka iso bukkar. Sauran sun sauka, suna tsaye suna kallon sama, wani koren haske yana yawo a cikinta kamar ana kaɗa mayafi. Ni ban samu damar kallo ba. Na kashe inji, na zame ta gaba a hankali, na tsuguna a gefen babur kaina a ƙasa, na ce, "Baba, an iso. Sannu da hanya."

Na jira ya sauka. Na ci gaba da jira. Sai na ga hasken tocila a kaina, na ji muryar Isiyaku.

"Kai, wa kake gaisarwa?"

Na ɗaga kai. Babu kowa a kujerar. Safar hannu ɗaya ce kawai maƙale a igiyar fatar nan.

Wallahi ban san lokacin da salati ya kuɓuce mini ba. Dogo ya iso da gudu, ya dubi safar, ya dube ni. "Yaushe ka gan shi na ƙarshe?"

Na ce, "Ban gan shi ba tun da muka hau."

"Ba ka waiwaya ba?"

"Surukina ne."

Ya tsaya yana jiran sauran bayanin, ni kuma a ganina na gama. Na dubi Isiyaku ko zai taimake ni, sai na ga ba ya dariya. Tun da na san shi ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, kuma wannan ya fi komai tayar mini da hankali.

Dogo ya ce in biyo shi in nuna masa inda muka yi tsalle. Na cusa safar a ƙirjina, muka juya. A hanyar nan babu abin da ban saƙa ba. Na tuna maganar yatsu. Na tuna an ce akwai kyarkeci a dajin. Na ga kaina a zauren gidansu a Maigatari, mutane sun cika, ana tambayata ina na baro Alhaji, ina cewa na yar da shi ban sani ba. Na ga fuskar Saude. Tun ina roƙon Allah ya bar mini auren, har na koma cewa a ɗauke auren, a dai ba ni mutumin nan da ransa da yatsunsa. Hawaye suna zubowa suna daskarewa a kumatuna.

Kafin mu kai tudun, fitilar Dogo ta haska wani abu a tsaye a tsakiyar hanya. Alhaji ne. Yana tafe a hankali yana bin sawun baburanmu, hula a karkace, gemu ya yi fari fat, hannu ɗaya cuse a hammata. Na diro da niyyar tsugunawa, ashe gefen hanya dusar ƙanƙarar ba ta da ƙarfi, na nutse har ƙugu. Daga cikin ramin na miƙa masa safar da hannu biyu, na ce, "Baba, a gafarce ni."

Ya dube ni, na dube shi. Ranar ce muka fara haɗa ido.

Ya ce, "Na yi ta kira."

"Ban ji ba, Baba."

(Daga baya Isiyaku ya binciko abin da Alhaji ya kira. Wai yana kwance a cikin ƙanƙara yana ɗaga murya, "Kai! Wannan yaron!" Ko a nan bai iya faɗin sunana ba.)

Dogo ya duba hannun, ya sa shi cikin rigarsa ya ɗumama, ya ce an yi sa'a. Sannan ya nuna wa Alhaji bayan babur ɗinsa. Alhaji ya girgiza kai. "Wanda ya yar da ni shi zai ɗauke ni."

Na fito daga rami na hau. Sai na ji hannuwa biyu sun zagayo ƙuguna sun matse, har numfashina ya ɗauke. Ya kawo bakinsa saitin kunnena ya ce, "Ja mu je. Kunyar a ajiye ta sai mun koma Maigatari." Muna tafe, bini-bini sai ya zungure ni a haƙarƙari ya ce, "Ina nan." Haka har bukka.

Ya kuwa cika alkawari. Muna sauka a Kano kunya ta dawo yadda take, bai ƙara ce mini uffan ba. Isiyaku kuma, da ya tabbatar ba wanda ya mutu, dariyarsa ta dawo da ƙarfinta. Kafin kasuwar Maigatari ta sake ci, har dillalan raƙuma daga Damagaram sun san labarin. Na daina bin hanyar garin. Ko Saude ban aika wa ba, don ban san da wane baki zan fara ba.

Da kawuna ya shirya zuwa jin maganar sa rana, na riga na sallama. Ya dawo da yamma, ya same ni a zaure, ya zauna ya sha ruwa, ya yi ta gyaran hula kamar ba shi da labari.

"An sa rana," in ji shi. "Bayan babbar salla."

Na zube ina godiya. Ya ɗaga hannu. "Tsaya, da saƙo. Ya ce a gaya wa wannan yaron, yarinyar ba ta kai ubanta nauyi ba, in ta faɗi ba zai ji ba. Ya riƙa waiwaye."

Har Alhaji ya koma ga Allah (Allah ya jiƙansa) ban daina tsuguna masa ba, bai kuma taɓa tayar da maganar ba. Sai dai in na je gaishe shi lokacin sanyi, sai ya riƙa murza ɗan ƙaramin yatsansa na dama a hankali, ni kuma in ƙara sunkuyar da kai. Abin da na koya shi ne, kunya tana da kyau a zaure, amma in ka goya mutum, ko waye shi, duba shi ya fi gaishe shi.

Yanzu mun tsufa, mota nake ja, Saude tana son zama a baya tare da jikoki. In muka kama hanyar Maigatari na daɗe ban yi magana ba, sai in ji ta zungure ni a kafaɗa.

"Malam, ina nan fa."

Kuma har yau sai na waiwaya.